Kurakuran da ake ta maimaitawa a manyan kalmomin Turanci

Wallahi na gaji da ganin yara masu ƙoƙari suna haddace manyan kalmomi daga takarda, kunnensu bai taɓa jin an faɗe su ba, sai a tashi gaban jama'a a yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

Wadda har yau take ƙona min rai ita ce enervate. Na taɓa rubuta wa ogana takardar godiya bayan ya yi mana jawabi, na ce jawabin ya yi enervating ɗinmu, a zatona 'yar uwar energy ce, wato ya ƙara mana kuzari, ashe ma'anarta a kashe wa mutum jiki, asalinta daga Latin ne, kamar a zare maka jijiya. Ya kira ni ofis, na tarar da takardar a kan tebur ya ja wa kalmar layi da jan biro, bai ce uffan ba ya turo min ƙamus. Na fi wata ina jin kunyar haɗa ido da shi. Don Allah ku daina cankar ma'ana don kalma ta yi kama da wata! Noisome ma ba hayaniya ba ce, abu mai wari ne. Nonplussed kuwa wanda ya ruɗe ya rasa ta cewa.

Sai epitome, wai "efitom". Gaɓa huɗu ce, ipitomi, a danna kan pi ɗin, kuma p ce, a haɗa leɓe. Haka hyperbole, haipaboli. Daga Girkanci suka zo shi ya sa e ɗin ƙarshe take fita. Abin da ke ba ni haushi, yaron da ya iya cewa Lesta tun da Leicester ta ci firimiya a 2016, don a gidan kallo ya ji, shi ne zai ga colonel ya ce "kolonel", alhali kanar ɗin da kakanninmu suka ji a bakin soja ta fi kusa da daidai.

Quay, ki ake cewa. Indict, indait. Awry, arai. Subtle ba a taɓa b ɗin.

Ni dai ina da ɗan littafi a aljihu, duk sabuwar kalma sai na kunna sautinta a waya sau uku, na rubuta furucin da baƙaƙen Hausa, a ƙasa na sa jimlar da na tsince ta a ciki. Wadda ba ta shiga littafin nan ba, ba na sa ta a takardar kowa.