Yadda Za Ka Bayyana Faɗawar Amurka Cikin Ƙunci Bayan Wadata, 1920 Zuwa 1933

Idan za ka koyar da wannan babi ko ka yi rubutu a kansa, kada ka fara da ranar da kasuwar hannun jari ta faɗi. A nan ɗalibai da dama ke yin tuntuɓe, su ɗauka rana ɗaya ce ta talauta ƙasa. Ka fara da bashi, ka bi sawunsa har inda ya tsaya.

Da farko ka nuna cewa wadatar ta gaske ce. Farashin motar Ford ƙirar Model T ya sauko ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, kuma a 1929 marasa aikin yi kusan kashi 3 ne kawai cikin ɗari. Sai dai motoci da rediyo da yawa a kan biya kaɗan-kaɗan aka saye su. Manoma kuwa tun tuni suke ji a jikinsu: sun ci bashi sun faɗaɗa gonaki lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sai alkamar da ta haura dala 2 kowane bushel (awon da ya kai kusan kilo 27) a 1919 ta dawo wajen dala 1 a 1921.

Daga nan ka ɗauki alli ka yi lissafin sayen hannun jari da rance. Mutum ya ajiye dala 100, dillali ya ranta masa 900, ya sayi hannun jari na dala 1,000. In farashi ya tashi da kashi 10, ya ninka kuɗinsa. In ya sauka da kashi 10, ya tashi a tutar babu, dillali ya ce ya ciko ko a sayar. Dubban mutane suna sayarwa lokaci guda, farashi ya ƙara faɗuwa, a sake kiran wasu su ciko. Yanzu ne za ka kawo ranakun: ma'aunin Dow Jones, mai nuna matsakaicin farashin hannun jarin manyan kamfanoni, ya kai 381 a ranar 3 ga Satumba 1929, an sayar da hannun jari sama da miliyan 16 a ranar 29 ga Oktoba, kuma a Yulin 1932 ma'aunin ya dawo 41.

Mafi yawan lokacinka ka ba bankuna, don a nan ne abin ya shiga gidan talaka. Babu inshorar ajiya ta tarayya a lokacin. Banki yakan riƙe ɗan abin da zai sallami masu cira ne, sauran ya bayar rance, to da jita-jita ta tashi aka yi layi, ko banki mai lafiya sai ya durƙushe. Kimanin bankuna 9,000 suka rufe tsakanin 1930 da 1933, kuɗin da ke yawo ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Babban bankin ƙasar, Federal Reserve, bai kai musu ɗauki yadda ya kamata ba, ya ma ƙara kuɗin ruwa a Oktoban 1931 don kare zinariyarsa bayan Ingila ta raba kuɗinta da zinariya. Wannan kuskure ne babba, ka faɗe shi ƙarara.

Akwai tambayar da ɗalibi mai kaifi zai yi: kaya sun yi araha, ina matsalar? Amsa tana wajen mai bashi. Manomin da ake bin sa dala 1,000 zai biya da bushel 1,000 in farashi dala 1 ne. A 1932 alkama ta koma wajen santi 40, sai ya nemo bushel 2,500, ko gonar da ya jinginar ta tafi.

Dokar Smoot-Hawley ta Yunin 1930, wadda ta ɗaga harajin shigo da kaya, ka taɓa ta a taƙaice: wasu ƙasashe irin su Kanada sun rama, cinikin waje ya ƙara mutuwa.

Ka tsaya a 1933, lokacin da mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da abin yi, kuma waɗanda aka kora daga gidaje suna kwana a bukkokin kwali da langa-langa da aka laƙaba wa sunan Shugaba Hoover. Franklin Roosevelt, wanda ya gaji Hoover, ya hau mulki ranar 4 ga Maris, bayan kwana biyu ya rufe bankuna gaba ɗaya don a tantance su, sannan inshorar ajiya ta fara aiki a Janairun 1934 da iyakar dala 2,500 ga kowane mai ajiya.