Yadda za ka koyar da Turanci da darasin guguwar ƙura

Kar ka fara da littafi. Zuba yashi kaɗan a faranti, yaro ɗaya ya hura shi, amma nesa da idanun 'yan layin gaba. Sai ka tambaye su da Hausa yadda gari ke yin ja idan hadarin farkon damina ya taso da ƙura.

Sannan rubuta kalmomi shida kacal a allo: sand, dust, wind, storm, cover, cough. In sun fi haka, ɗan aji huɗu zai rikice. A nan za ka ɗan daɗe, don yara kan cakuɗa sand da dust. Ba su yashin su murza, sannan su shafo ƙurar da ta kwanta a kan taga. Ɗaya da kaushi, ɗaya kamar garin tuwo. Nuna musu yadda sand da storm suka haɗu suka ba da sandstorm.

Sai karatu. Rubuta gajerun jimloli biyar, irin su "The wind is strong. Cover your nose." Karanta sau biyu, su maimaita, kowa ya toshe hanci idan an zo kan cover.

In da sauran lokaci, ƙara musu haboob, sunan guguwar ƙurar Sudan da Turanci ya aro daga Larabci. Aikin gida kuwa, jimla uku a kan hazon hunturu.