Shirin da ɗalibi zai yi kafin rikici ya rutsa da shi a ƙasar waje

Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wata runduna mai makamai da ke hamayya da su, ya rutsa da dubban ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa masu karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran makarantu. Filin jirgin sama ya rufe tun ranar farko, bankuna suka tsaya, kuma rukunin farko na waɗanda gwamnati ta kwaso bai sauka Abuja ba sai ranar 3 ga Mayu, bayan sun shafe kwanaki a kan iyakar Masar. Saboda haka duk wanda zai fita karatu, Alƙahira ce ko Indiya ko Turai, ya ɗaura niyyar cewa a kwanakin farko na tashin hankali shi zai riƙe kansa kafin taimako ya iso.

Fasfo shi ne kan gaba. Ka tabbata sauran wa'adinsa ya haura wata 6 kafin ka tashi, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai haka ba. Idan makaranta ta karɓe shi don sabunta takardar izinin zama, ka nemi shaidar karɓa a rubuce, ka riƙa bibiya har ya dawo hannunka, domin a Khartoum an samu waɗanda yaƙi ya tarar da fasfonsu yana wani ofishi, ofishin kuma ya rufe. Ka ɗauki hoton shafin bayananka da biza da takardar shiga makaranta, ka ajiye a imel, ka tura wa wani na gida, sannan ka buga kwafi biyu a takarda. Wayar da cajinta ya ƙare ba ta nuna wa jami'in kan iyaka komai. Idan fasfon ya ɓace, wannan kwafi ne zai sauƙaƙa wa ofishin jakadanci ba ka takardar tafiya ta gaggawa.

Sai kuɗi a hannu. Ɗalibai sun saba dogaro da turawa ta waya, amma ranar da intanet ya ɗauke, direban mota tsabar kuɗi yake nema, kuma farashinsa ninkawa yake yi. Ka ware dalolin da za su kai ka iyakar ƙasa mafi kusa, sababbin takardu marasa yagewa domin 'yan canji kan ƙi tsofaffi, ka raba su gida biyu, kada ka taɓa su ko da kuɗin abinci ya yanke.

A makon farko da saukarka ka je ofishin jakadancin ƙasarka ka rubuta sunanka, ka kuma shiga ƙungiyar ɗalibai, domin ta hannun shugabanninta labarin motocin kwashe mutane yake fara isowa. Wannan ma dalili ne na yin nazari kafin zaɓen makaranta: Arewacin Cyprus, alal misali, Turkiyya kaɗai ce ta amince da shi a matsayin ƙasa, don haka babu ofishin jakadancin Najeriya a can. Lambar gaggawa kuma a haddace ta, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya.

Katin rigakafin cutar shawara da inshorar lafiya ba sa buƙatar dogon bayani. A yi su da wuri.

Abin da ya fi buƙatar taka tsantsan shi ne kaya. Al'adarmu ta karɓar saƙo a filin jirgi, "don Allah ka miƙa wa ɗana wannan ƙunshin", ta jefa mutane cikin bala'i. A Disambar 2018 an kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a Saudiyya saboda jaka mai ɗauke da tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilun 2019. Ka ƙidaya jakunkunanka a wurin awo, ka duba lambobin da aka manna a tikitinka su yi daidai da yawansu, ka ɗauki hotonsu. Maganin da kake sha kuwa ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, domin Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna ɗaure mutum a kan wasu ƙwayoyin da ake saya a kemis a gida.