Darasi na 9: Ɗaki ya faɗi, me za a tsinta?

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19. Gidaje da yawa ma sun zube a daminar. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga amalanke yana kwashe ƙasar ɗakin da ya faɗi zuwa juji, bayan kwana biyu mai gidan ya sake biya a kawo masa sabuwa daga kududdufi. Kuɗi sun fita sau biyu, ramin da ke tara mana sauro kuma ya ƙara zurfi.

Ku fara da azara, ita ce mai tsada. Giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, ba kuma a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ku zare azara a hankali, ku kakkaɓe, ku ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta ruɓe kuwa sai ku ji buf. Galibi bakin da ya kwana cikin bango ne yake lalacewa. A datse shi, guntun mai lafiya da ya rage ya hau kan ƙofa ko taga.

Sai ƙasar. Wadda ta riga ta sha kwaɓi da ciyawa ba ta ba magini wuya. A farfasa ta, a jiƙa, a ƙara ciyawa, a tattake, a bar ta ta tsima kwana uku ko huɗu kafin a buga tubali. Ruwa yana da wuya a garin nan, kowa ya sani, saboda haka a yi kwaɓin kafin tabkuna su ƙafe. Amma a ware ƙasar gindin bango, wadda gishiri ya ci har take zuba kamar gari, da ta kusa da masai. Waɗannan ba sa komawa gini.

Fasassun bulo na siminti da duwatsu su shiga harsashi, su ɗaga bango daga laima. Tsohon kwano mai huda ya isa rumfar awaki.

Maƙwabcina ya yaɓe sabon bangonsa na ƙasa da siminti, wai don kyau. Damina biyu, yaɓen ya buɗe baki, ruwa ya shiga ta baya, ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa. Da makuba ya sa, wato yaɓen gargajiya na ɓawon ɗorawa, ya kuma riƙa share indararo kafin ruwan fari, da bai sake kiran magini ba.

Aikin gida: ɗakinku yana buƙatar azara 40. Kun tsinci 31, a ciki 6 sun ruɓe. Nawa za ku saya? Ku rubuta amsa, ku kuma tambayo kuɗin azara ɗaya a Kasuwar Dole, gobe mu yi lissafin tare.