Babi na 7: Inshorar Lafiya ta Gwamnati don Dattawa da Masu Ritaya

Darasi na 1: Mece ce inshorar lafiya?

Iyayena, sannunku da ƙoƙari. Inshorar lafiya asusu ne da gwamnati da jama'a ke zuba kuɗi a ciki. Wanda ciwo ya kama, daga nan za a biya masa kuɗin asibiti, duka ko wani ɓangare. Kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka sunan shirin Medicare, an kafa shi a 1965, ana shiga da shekara 65. A Gana, wanda ya kai 70 an ɗauke masa kuɗin shekara, amma shi ma sai ya yi rajista. Furfura kaɗai ba ta sa mutum cikin shirin, sai an rubuta sunansa. Kada ku jira sai ciwo ya kwantar da ku.

Darasi na 2: Cike fom ɗin rajista

A nan aka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Ku fito da katin shaidarku, ku ajiye shi kusa da fom. Ku ɗora yatsa a kan harafin farko na sunanku, ku rubuta shi, sannan ku matsar da yatsa zuwa na biyu. Harafi ɗaya, rubutu ɗaya. Kada ku rubuta suna da ka. Idan kati ya ce Abdullahi, kada ku rubuta Audu, ko da duk duniya da Audu ta san ku. Idan ya ce Mohammed, kada ku rubuta Muhammadu. Kwamfuta ba ta san fuska ba, haruffa take dubawa, harafi ɗaya ya bambanta sai ta ce mutum biyu ne.

Na ga dattijon da aka mayar gida daga bakin tagar asibiti, katinsa a hannu, saboda harafi ɗaya tak. Har yau abin na damuna.

Idan hannu na rawa, ba komai, ku huta ku ci gaba. Kun gama? Ku sake ɗora yatsa, ku duba daga farko. Ranar haihuwa ma haka: rana, wata da shekara, yadda suke a kati, domin da ita ake gane kun kai shekarun shiga. Idan ɗanku ko jikanku ne zai cike muku, ku miƙa masa katin, shi ma ya kwafa.

Haba iyayena! Sau nawa za mu faɗa? Duk aji sai an sami mai cewa "ai na san sunana." Kun san shi, amma sunan da ke kati ake nema. Gaggawar me ake yi? Yatsa a kan harafi, sannan alƙalami.

Darasi na 3: Idan katin inshora ya fito

Ku fara duba sunan, harafi bayan harafi. In da kuskure, ku mayar a gyara tun kuna da lafiya. Idan akwai ranar ƙarewa a jikinsa, ku sabunta kafin ta zo.

Darasi na 4: A asibiti

Ku je asibitin da ke karɓar katin. Ku tambaya: "Wannan maganin yana cikin inshora?" Idan kun biya wani abu, ku karɓi rasit.

Darasi na 5: Aiki

Ku kwafi sunanku daga kati sau 5.