Yadda na gyara kofaton dokina da kaina

Dokina ya fara tuntuɓe, gaban kofatonsa ya yi tsawo yana tsagewa. Dalilin bai da wuyar ganewa: kofato yana tsiro kusan milimita 6 zuwa 10 a wata, ƙasar Maraɗi kuwa rairayi ce, ba ta cin kofato kamar tsakuwa. Dokin da ke wuni a turke, sai an zo hawan salla a fito da shi, dole kofatonsa ya zarce.

Wani dattijon maƙeri ya ƙera mini wuƙa mai lanƙwasa, ya ce: "Yaro, magagari ya fi wuƙa aiki, wuƙa ta shara ce kawai." Da rani kofato yana ƙeƙashewa, saboda haka sai na tsayar da dokin a jiƙaƙƙen wuri ya yi laushi tukuna. In ɗaga ƙafar, in kwashe ƙasa da kashin da suka maƙale, in goge bangon kofaton kaɗan-kaɗan, diddigen biyu su daidaita. Akwai wani farin layi tsakanin bango da tafin kofato, nan nake tsayawa, don bayansa nama ne mai jini. Tsokar tsakiya mai siffar kan kibiya ba na rage ta, sai ɓawon da ya ruɓe. Ƙarshe in dasashe bakin, kada ya sake tsagewa.

Tsagar ba ta haɗewa, sauka take yi da sabon tsiro, kuma kofato yana ɗaukar kusan shekara kafin ya sabunta. Yanzu duk mako 4 zuwa 6 nake gogewa, da damina kuma ina zuba busasshen rairayi a turken saboda ruɓa.