Yadda ake tausar tafin ƙafa don sauke gajiya da damuwa

Akwai irin gajiyar da barci ma ba ya iya ɗauke ta, ka kwanta jiki ya mutu amma kai ya ƙi yin shiru, tunani sai kai da komo yake, wuya ya sanƙare, kafaɗa kamar an ɗora maka dutse. Ni dai abin da na samu yana min aiki a irin wannan daren shi ne tausar tafin ƙafa, wadda ake kira rifleksoloji, kuma tunda na koya na kan yi wa kaina in yi wa mahaifiyata, shi ya sa nake so in nuna muku yadda ake yi dalla dalla.

Amma bari in fara da faɗa muku gaskiyar abin, don ban son wani ya ɗauka magani ne. Masu wannan fanni sun ce kowane lungu na tafin ƙafa yana da alaƙa da wani sashe na jiki, yatsu na kai ne, tudun da ke ƙasan yatsu na ƙirji da huhu, tsakiyar ƙafa inda ta lotsa na ciki da hanta da ƙoda, dunduniya kuma na ƙugu da ƙasan baya. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, shi ya fara kawo wannan tunani wajen 1913, ya raba jiki gida 10 a tsaye tun daga kai har yatsun ƙafa. Daga baya a shekarun 1930 wata ma'aikaciyar gashin ƙashi mai suna Eunice Ingham ta zana taswirar jikin a kan tafin ƙafa, irin wadda kuke gani kala kala a intanet yau. To ita wannan taswirar kimiyya ba ta tabbatar da ita ba. A 2015 gwamnatin Ostiraliya ta fitar da sakamakon bitar da aka yi wa hanyoyin jinya irin waɗannan har guda 17, rifleksoloji na ciki, kuma ba su samu gamsasshiyar hujjar cewa yana warkar da wata cuta ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai danna ƙafarka ciwon ƙoda ko hawan jini ya tafi, kar ka yarda, kar kuma ka ajiye maganin da likita ya ba ka.

Abin da ke nan na zahiri shi ne tafin ƙafa wuri ne mai ji sosai, ƙasusuwa 26 ne a kowace ƙafa da gaɓoɓi 33, su ke ɗauke da kai tun safe har dare a matse cikin takalmi. Idan aka taɓa wurin a hankali, mutum yana kwance, ba waya a hannu, yana jan numfashi a natse, jiki yakan saki, bugun zuciya ya lafa. Wannan natsuwar ita muke nema, kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ce ga wanda damuwa ta hana shi sakat.

To ga yadda za ka fara. Ka wanke ƙafa, in da hali ka tsoma ta a ruwan ɗumi kamar minti 5 zuwa 10, ɗumi fa ba mai zafi ba, ka goge ta bushe har tsakanin yatsu. Ka yanke farcen hannunka, wannan kar ka raina shi, farce ɗaya mai tsini ya isa ya ɓata komai. Man shafawa kaɗan za ka sa, don in ya yi yawa yatsa zai riƙa zamewa ba za ka iya dannawa ba. In kai za ka yi wa kanka ka zauna a kujera ka ɗora ƙafa ɗaya kan gwiwar ɗayar. In wani za ka yi wa, ya kwanta rigingine, a sa masa filo a ƙarƙashin gwiwa, kai kuma ka zauna daidai saitin ƙafafunsa yadda ba sai ka duƙa ba.

Kar ka faɗa wa dannawa kai tsaye. Ka riƙe ƙafar da hannu biyu tukuna, kawai riƙewa, kamar rabin minti, har ɗumin hannunka ya ratsa. Sai ka juya idon sawu a hankali, sau 5 dama sau 5 hagu, ka ɗan murza ƙafar kamar mai matse tsumma amma da tausayi. Masu jin cakulkuli, sirrin shi ne riƙo mai ƙwari da tafiya a hankali, shafa sama sama ce ke sa mutum zabura.

Yanzu sai ainihin aikin, wato tafiyar babban yatsa. Ka ɗora babban yatsan hannunka kan tafin ƙafar, ba tsinin ba, gefen naman da ke kusa da farce, sai ka lanƙwasa gaɓar farko ka danna, ka ɗan miƙe ka matsa gaba kaɗan, ka sake lanƙwasawa, kamar yadda tsutsa ke tafiya a kan ganye. Ba ka ɗaga yatsan gaba ɗaya daga fata, kuma gaba kawai yake tafiya ba ya ja da baya. Ɗaya hannun yana tallafe da ƙafar ta baya. Da farko za ka ji abin banbaraƙwai, yatsan ma zai gaji da wuri, ka gwada a tafin hannunka na wasu kwanaki zai zauna. Kuma ƙarfin daga nauyin hannunka zai fito, ba daga ɗan yatsan kaɗai ba.

Ni daga yatsu nake farawa. Kowane yatsa ka kama shi ka ɗan juya, ka ja shi a hankali, ka matsa kansa. Babban yatsan ƙafa ka ba shi lokaci fiye da sauran, ka bi cikinsa da gindinsa duka. Daga nan ka sauko tudun ƙasan yatsu ka ratsa shi layi layi daga gefe zuwa gefe.

Akwai wani wuri da nake so ku kula da shi sosai. In ka matse ƙafar ta gefe biyu za ka ga wani ɗan rami ya fito a tsakiya, daidai ƙasan tudun nan, wajen saitin yatsa na biyu da na uku. Ka ɗora babban yatsa a wurin, ka ce wa mutum ya ja numfashi, yana ja kana dannawa, yana saki kana sassautawa, ku yi haka sau 5 ko 6. Ranar da na fara yi wa Mama wannan, tana ta ba ni labari ba ƙaƙƙautawa, muna zuwa numfashi na huɗu sai na ji muryarta ta yi ƙasa, yatsun ƙafarta da ta ƙanƙame suka buɗe a hannuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce "Kai ɗan nan, sake yi min nan ɗin." Ban gama ɗaya ƙafar ba barci ya ɗauke ta. Ko wurin ne ko numfashin ne ya yi aikin, ni dai na ga jiki ya saki a gabana.

Sai gefen ciki na ƙafa, daga dunduniya har gindin babban yatsa, wanda masu taswira ke cewa layin ƙashin baya ne, ka hau shi da tafiyar tsutsa sau 3. Tsakiyar ƙafa mai laushi ce, ka rage ƙarfi. Dunduniya kuwa fatarta da kauri, nan za ka iya dunƙule hannu ka murza da gaɓoɓin yatsu. Ka ƙare da shafa doguwa daga yatsu zuwa idon sawu, ka lulluɓe ƙafar da tawul kar ta yi sanyi, ka koma ɗayar. Minti 10 kowace ƙafa ya wadatar.

Maganar ƙarfi, ka riƙa tambaya. Zafi mai daɗi daban, zafin da ke sa mutum janye ƙafa ko cije leɓe daban, in aka kai nan an wuce gona da iri. Ana yawan cewa wai in wuri ya yi zafi to sashen jikin da yake wakilta ne ba lafiya, don Allah kar ka tsorata kowa da wannan maganar, ƙafar da ta wuni a tsaye dole wani wuri ya yi tsami.

Akwai waɗanda bai kamata a taɓa ba sai da izinin likita. Mai ciwon suga, musamman wanda ƙafarsa ta fara rage ji, don za ka iya ji masa rauni bai sani ba kuma irin raunin nan yana wuyar warkewa. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi tana ja, wannan na iya zama daskarewar jini a jijiya, tausa na da haɗari sosai, asibiti za a kai shi ba ɓata lokaci. Haka mai gyambo, mai targaɗe ko karaya sabuwa, mai ƙaiƙayin tsakanin yatsu, da wanda gaɓarsa ta kumbura. Mai ciki ma ta tambaya a wajen awo kafin a yi mata. Kuma in damuwar ta kai makonni tana hana ka ci, barci ko aiki, ko kana jin rayuwar ta fita ranka, ka je ka ga likita ka faɗa masa komai, tausa sai dai ta zama ƙari a kan wannan.

Bayan an gama kar a miƙe zumbur, wasu kan ji jiri kaɗan, a zauna minti biyu a sha ruwa, a goge man da ya rage a ƙafa kar santsi ya kwashe mutum. Sau 2 ko 3 a sati nake yi, da daddare kafin kwanciya, waya na nesa. Ranar da hannu ya gaji ko ba wanda zai yi maka, ka samu ƙaramar ƙwallo mai ɗan tauri irin ta tanis ka sa a ƙasa, kana zaune ka taka ta kana mirginawa daga dunduniya zuwa yatsu, in ka zo wurin da ya yi tsami ka tsaya a kai ka ja numfashi sau 3 sannan ka wuce.